Faifan tazara a ƙafar motar gudu: Abin da ya kamata a auna kafin a ɗaure noti

A garejin kanikawa na Apo da sauran wuraren gyaran mota na Abuja, akwai wani ɗan aiki da ake yi wa motocin gudu masu ƙofa biyu, irin su BMW da Mercedes da Mustang da Toyota GT86. Aikin ba ya cin awa guda. Za a ɗaga mota, a cire ƙafa, a saka wani faifai na alminiyam a kan hob, wato gindin da ƙafar ke zama, sannan a mayar da ƙafar a ɗaure. Idan aka sauke motar sai a ga tayoyin sun fito sun yi daidai da leɓen jikinta, tsayuwarta ta ƙara faɗi da kwarjini. Kanikawa na kiran wannan faifai sifesa. Aikinsa shi ne sanya tazara tsakanin hob da rim, shi ya sa ya dace a kira shi faifan tazara.

Sau da yawa mai motar ba shi ne ke zuwa gareji ba. Direba ake aika, ko hadimi, ko wani ƙaramin ma'aikacin ofis, a miƙa masa makulli da kuɗi, a nuna masa hoto a waya a ce ga yadda ake so motar ta koma. Shi zai tsaya a kan aikin, shi zai amince an gama, kuma galibi shi zai fara hawa Titin Filin Jirgi da ita. A gudun kilomita 100 cikin awa, wanda shi ne iyakar da aka yanka wa ƙananan motoci a manyan tituna, ƙafar irin wannan mota tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa. Rim da taya a haɗe sun kusa kilo 20. Idan suka rabu da mota a wannan gudu, haɗarin bai tsaya kan waɗanda ke ciki ba, domin ƙafar da ta tsinke tana ci gaba da gudu, ta tsallaka hannu, ta afka wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Faifan tazara ba baƙon abu ba ne a fasahar mota. Kamfanin Porsche da kansa ya sayar da na milimita 5 a cikin kayan ƙari na wasu motocinsa, kuma kamfanonin Jamus irin su H&R da Eibach sun daɗe suna ƙera shi. Abin da ke raba aiki mai aminci da mai haɗari shi ne awo: faɗin rami, tsawon ƙusa, yawan zagayen da noti ya yi, da ƙarfin da aka ɗaure shi. Duk waɗannan abubuwa ne da wanda aka aika zai iya dubawa da idonsa, ko da bai taɓa riƙe sifana ba.

Abin da faifan ke canzawa

Toyota GT86 misali ne mai kyau, domin lambobinta sanannu ne. An fara sayar da ita a 2012, Toyota da Subaru suka haɗu suka tsara ta, aka kuma ƙera ta a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan. A Amurka an sayar da ita da sunan Scion FR-S har zuwa 2016, don haka wadda aka shigo da ita daga can na iya zuwa da wannan suna, amma mota ɗaya ce. Rim ɗinta na asali inci 17 ne, faɗinsa inci 7, kuma a bayansa an buga lamba 48, galibi a rubuce ET48.

Wannan lamba tana nuna nisan da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da ke manne wa hob, a milimita. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon yadda ƙafa ke shigewa cikin jikin mota. Faifan tazara yana rage ta kai tsaye. Idan aka saka mai kaurin milimita 20 a bayan rim mai ET48, ƙafar za ta zauna kamar rim mai ET28 ne, wato ta fito waje da milimita 20.

Masu ƙera mota suna da dalilin shigar da ƙafa ciki. Taya na buƙatar fili ta yi sama idan mota ta faɗa rami ko ta ɗauki kaya, tayar gaba kuma na buƙatar fili ta karkata har ƙarshen sitiyari. A ƙasashen sanyi ana barin wurin sarƙar da ake ɗaura wa taya lokacin ƙanƙara. Ga kuma doka: a Tarayyar Turai dole jikin mota ya rufe faɗin taya daga digiri 30 a gaban tsakiyar ƙafa zuwa digiri 50 a bayanta, don kada ta riƙa watsa wa na baya ruwa da tsakuwa. Filin da mai mota ke gani kamar an bar shi a banza, lissafi ne ya bar shi.

Akwai lokutan da faifan ke magance matsala ta gaske. Wanda ya saka manyan birki, har matsin birkin yana gogar ƙafafun rim daga ciki, milimita 5 na iya raba su. Haka wanda ya sayi rim na wata mota, cikinsa yana taɓa shoka. Amma mafi yawan masu saka shi don kwalliya suke yi, kuma babu laifi a faɗi hakan a fili, domin sanin dalili shi ke nuna iyakar kasadar da ta cancanci a ɗauka.

Abin da ke riƙe ƙafar mota

Mutane da yawa suna ɗauka nauyin mota a kan ƙusoshi biyar ɗin nan yake rataye. A ƙafar da aka ɗaure daidai, aikin ƙusoshi shi ne matse rim a jikin hob da ƙarfi mai yawa, har fuskokin biyu su kama juna ba tare da zamewa ba. Wannan matsi shi ke ɗaukar nauyi da bugun hanya. Da zarar ya ragu, rim zai fara motsi kaɗan-kaɗan, ƙusoshi su shiga lanƙwasuwa sama da ƙasa a kowane juyi, har ƙarfen ya gaji ya karye. Yawanci ɗaya ke fara karyewa, sauran su bi cikin ɗan lokaci.

Faifan tazara yana mayar da mahaɗa ɗaya ta zama biyu: hob da faifai, sannan faifai da rim. Kowace tana buƙatar zama sumul. Nan ne motocin da aka shigo da su daga jihohin Amurka masu ƙanƙara ke da matsala, domin gishirin da ake zuba wa titunan can yana sa hob tsatsa. Idan aka ɗora faifai a kan tsatsa ko yashi aka ɗaure, noti zai yi kamar ya kama. Bayan tafiya kaɗan tsatsar ta murƙushe, sai a sami ɗan gibi, matsi ya tafi. Wasu motocin kuma suna zuwa da ƙananan zobban ƙarfe a gindin ƙusoshi, waɗanda masana'anta ke sakawa don riƙe faifan birki lokacin haɗa mota. Idan ba a cire su ba, faifan tazara zai hau kansu ya zauna a karkace.

Sai batun leɓen hob. A tsakiyar hob akwai wani zagayayyen leɓe da ya ɗan fito, wanda ke shiga ramin tsakiyar rim ya daidaita ƙafa a cibiya. Siririn faifai na milimita 3 zuwa 5 yana barin leɓen ya leƙo, rim ya samu abin kamawa. Mai kauri yana binne shi gaba ɗaya. Saboda haka faifai mai kauri dole ya zo da nasa leɓen, kuma ramin bayansa ya yi daidai da hob ɗin wannan mota. Idan babu, ƙafa za ta zauna a gefe da ɗan abin da ido ba ya gani, amma sitiyari zai fara rawa a babban gudu, kuma duk yawan balansin da mai faci zai yi ba zai kawar da rawar ba.

Lissafin zare

A jikin kowace ƙusa akwai zare, wato layin da aka sassaƙa wanda noti ke bi yana shiga. Ƙa'idar da kanikawa masu horo ke aiki da ita ita ce noti ya kama zaren da tsawonsa ya kai kaurin ƙusar. Ƙusar GT86 kaurinta milimita 12 ne, kuma kowane zagaye ɗaya na noti yana cin milimita 1.25. Ke nan ana son zagaye kusan 10 kafin noti ya tsaya.

Daga nan lissafin ba shi da wuya. Faifan milimita 5 yana cinye zagaye 4. Na milimita 10 yana cinye zagaye 8. Wanda ya zura faifan milimita 10 a kan ƙusoshin asali, zagaye ƙalilan suka rage masa, kuma noti mai zagaye biyu ko uku yana iya ɗauruwa tsam a hannu, ya kuma kwashe zaren a rami na farko. Shi ya sa a irin wannan mota duk faifan da ya wuce 'yan milimitoci yake buƙatar a fitar da ƙusoshin asali a saka dogaye.

Motocin Jamus tsarinsu daban ne. Galibin motocin BMW da Mercedes da Porsche ba su da ƙusa a tsaye a jikin hob. Bol ake zurawa ta cikin rim ya shiga hob. A nan dole a sayi sababbin bol da suka fi na asali tsawo daidai da kaurin faifan. Gajere ba ya kama zare sosai. Wanda ya yi tsawo da yawa yana iya leƙawa ta bayan hob ya taɓa kayan birkin hannu da ke cikin ƙafar baya. Wuyan bol ma iri-iri ne: na rim ɗin BMW na asali mai tsini ne kamar mazurari, na Mercedes da Porsche kuwa zagayayye ne kamar rabin ƙwallo. Idan aka saka wannan a gurbin wancan, wuyan zai taɓa rim a siririn layi kawai, ya ci alminiyam ɗin a hankali har ya yi sako-sako.

Iri biyu, da tarkon kowanne

Nau'in farko shi ne wanda ake zurawa kawai, ƙusa ɗaya ta ratsa rim da faifai ta kama hob. Shi ne wanda lissafin da ya gabata ya shafa. Nau'i na biyu mai kauri ne, galibi daga milimita 20 zuwa sama. Ana ɗaure shi a hob da nasa notocin, shi kuma yana da nasa ƙusoshin da rim ke hawa. Amfaninsa shi ne ba sai an canza ƙusoshin mota ba. Tarkonsa biyu ne. Na farko, notocin ciki suna ɓoye a bayan rim, babu mai ganinsu sai an cire ƙafa, don haka idan suka sassauta ba a sani da wuri. Na biyu, idan ƙusoshin asali sun fi faifan tsawo, kawunansu za su leƙo ta fuskarsa. Rim ɗin da ke da ramuka a bayansa zai haɗiye su. Wanda ba shi da su zai zauna a kan kawunan ƙusoshin, ya ɗauru kamar lafiya, alhali bai taɓa fuskar faifan ba.

Akwai kuma kuskuren da yawan Corolla a ƙasar nan ke iya jawowa. Corolla da aka yi don kasuwar Amurka daga 2003 tana da ƙusa biyar a zagaye mai faɗin milimita 100, abin da ake rubutawa 5x100, kuma GT86 ma haka take. Mai sayarwa na iya ɗora faifan a kan rim ya nuna ramuka sun yi daidai. Amma leɓen hob na Corolla milimita 54.1 ne, na GT86 kuwa 56.1. Zaren ma ya bambanta: na Corolla 1.5, na GT86 1.25. Notin Corolla zai fara hawa ƙusar GT86, ya cije bayan zagaye kaɗan, kuma idan aka tilasta shi da injin iska zai lalata zaren. Camry da Accord da Nissan 350Z da Mustang duk 5x114.3 ne, amma leɓensu ya bi da bi 60.1 ne, da 64.1, da 66.1, da 70.5. Daidaituwar ramukan ƙusa ita kaɗai ba ta isa shaida ba.

Faifan da ake tallatawa a matsayin na kowace mota, mai dogayen ramuka da yawa da faffaɗan tsakiya, shi ne mafi araha, kuma araha ba ta ado. Irinsa galibi zubi ne na narkakken ƙarfe, ba shi da leɓe, kuma yawan ramukan ya rage fuskar da za ta ɗauki matsi. Masu inganci ana yanka su ne da inji daga dunƙulen alminiyam mai ƙarfi, irin 6061 ko 7075, da lambar mota a jikinsu. Wajen oda ma akwai abin lura: H&R yana rubuta kaurin ɓangarori biyu a haɗe, don haka abin da ya kira milimita 30 yana nufin 15 a kowace ƙafa.

Riba da abin da ake biya

Masu sayarwa kan ce faifan na ƙara wa mota kama ƙasa a kwana. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma girman ribar ƙanƙane ne. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba na GT86 milimita 1,520 ce. Idan aka ƙara 15 a kowane gefe, an ƙara 30, wato kusan kashi 2 cikin 100. Nauyin da ke komawa kan tayoyin waje a kwana zai ragu da kimanin wannan kason. Direban tsere a filin tsere na iya jin bambancin. A kan hanyar ofis, taya mai kyau da iska daidai sun fi haka tasiri nesa ba kusa ba.

Abin da ake biya kuwa yana zuwa a hankali. Boris ɗin ƙafa an tsara shi ne nauyi ya sauka kusa da tsakiyarsa. Fitar da ƙafa waje yana ƙara masa ƙarfin lanƙwasa, kamar yadda bokitin ruwa ke ƙara nauyi idan aka miƙe hannu da shi. Gwargwadon kaurin faifai, gwargwadon saurin cin boris da sauran mahaɗan ƙafa. A gaba kuma, taya tana nisanta daga layin da take juyawa a kansa idan an murza sitiyari, sai kowane rami ya riƙa fizgar sitiyari da ƙarfin da ya fi na da. Idan aka taka birki taya ɗaya tana kan yashi ɗaya tana kan kwalta, motar za ta fi jan gefe. Wanda ke zirga-zirga a cikin Maitama da Asokoro ba lallai ya lura ba. Wanda ke bin hanyar Kaduna ko ta Lokoja, ko yana hawa tudun rage gudu a unguwanni da mutane a baya, zai ji taya tana gogar leɓen jiki, kuma leɓen ƙarfe na iya yanka gefen taya.

Yadda wasu ƙasashe ke kallonsa

A Jamus faifan tazara sai ya zo da takardar amincewa ta irin motar da za a saka wa, kuma a lokuta da yawa sai an kai motar wurin masu bincike irin su TÜV ko DEKRA sun duba an shigar da canjin cikin takardunta. A Ostireliya ƙa'idar gyaran ƙananan motoci ta hana saka shi a motar da ke hawa titi, sai idan kamfanin da ya ƙera motar ne ya saka. Ƙasashen biyu sun bi hanya daban, amma dukansu sun ɗauki abin a matsayin canji ga ƙafar mota wanda ya shafi rai.

A nan gida, jami'in kiyaye haɗurra ko na duba lafiyar motoci da ya tsayar da mota a hanya yana iya ganin taya da fitila, amma ba ya iya ganin zagayen da noti ya yi a ɓoye. Nauyin yana kan mai mota da wanda ya aika. Ta fuskar kuɗi ma akwai abin tunawa. Tun Janairun 2023 inshorar dole ta ƙananan motoci ta koma Naira 15,000, kuma iyakar abin da take biya na dukiyar wani da aka lalata Naira miliyan 3 ne. Ƙafar da ta tsinke ta daki sabuwar mota a Abuja na iya yin ɓarnar da ta wuce haka. Mai cikakkiyar inshora kuma ya kamata ya sanar da kamfaninsa duk canjin da ya yi wa ƙafar mota, don kada a tayar da maganar ranar biyan diyya.

Abin da ɗan aike zai tsaya a kai

Aikin yana farawa kafin a sayi komai. A tsayar da mota a wuri mai laushi ɗaya, a saukar da madaidaicin katako ko zare mai nauyi daga leɓen jiki, a auna nisansa da gefen taya, gaba daban baya daban. Kaurin faifai ya gaza wannan nisa da 'yan milimitoci. Idan abin da ake so ya wuce milimita 25, ya fi dacewa a koma wa maigida da shawarar sayen rim mai lambar ET da ta dace, domin shi ba ya ƙara mahaɗa ko ɗaya, ko da yake nauyin da ke kan boris iri ɗaya ne.

A gareji, a goge fuskar hob da burushin ƙarfe har ta yi haske. Faifan ya shiga leɓe da hannu, ba da guduma ba, kuma kada ya yi girgiɗi. A fara ɗaura kowane noti da yatsu ana ƙirga zagaye da baki. A ɗaure su a tsallake, ɗaya sannan na daura da shi, kamar zanen tauraro. Ɗaurin ƙarshe da sifanar awo ake yi, wadda ke yin ƙara idan an kai ƙarfin da aka saita. Littafin GT86 ya ce Nm 120. BMW mai lambar E92 ma 120 ne, F32 da ta gaje ta 140, Mustang daga 2015 kuwa kimanin 200. Injin iska da taka sifana da ƙafa ba su da awo, suna iya miƙar da ƙusa har ta raunana. Ba a shafa wa zare man giris sai idan littafin motar ya ce a yi, domin lambobin an lissafa su ne a kan busasshen zare.

Kafin a bar gareji, a juya kowace ƙafa da hannu tana sama a saurari ko wani abu yana gogawa, sannan a sauke mota a murza sitiyari har ƙarshe hagu da dama. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a dawo a sake gwada kowane noti da sifanar awo, har da na ciki idan faifan mai ɗauri ne, wanda ke nufin sai an sake cire ƙafa. Rawar sitiyari, ko ƙwanƙwasa mai bin juyin taya, dalili ne na tsayawa a gefen hanya nan take. Bol ɗin asali kuma a ajiye su a but tare da safaya, a kuma gaya wa duk direban da zai riƙe motar cewa akwai faifai a ƙafafunta, domin ranar da taya ta fashe a hanya mai faci zai buƙaci sanin wane bol ne na wace ƙafa.